Leda a saman silin, ta ina ake shimfiɗa ta?

Tambaya: Salam Malam, ina Winnipeg a Kanada, duk lokacin sanyi saman silin ɗina jiƙewa yake har da fumfuna, an ce in sa leda, a ina zan sa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tururin girki da wanka ne ke hawa, yana taɓa katako mai sanyi sai ya koma ruwa. Ka nemi leda mai kaurin milimita 0.15 ka shimfiɗa ta kan silin ɗin kai tsaye, ƙarƙashin audugar da ake shimfiɗawa a saman silin don hana sanyi shiga ɗaki, don Allah kar ka ɗora ta saman audugar, danshi zai maƙale ya ruɓar maka da katako. Ka manne haɗin da tef, ka toshe kafofin da ke gefen wayoyin lantarki, fankar banɗaki kuma ta riƙa hurawa waje.