Babur Ɗina Ba Ya Tashi da Asuba Sai da Turi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Bajaj Boxer da nake kabu-kabu da shi tsakanin Samaru da Kwangila. Tun da hunturu ya shigo, in na fito bayan sallar asuba sai na yi ta buga kik har na gaji, wani lokaci ma sai yara sun tura ni. In na ja cok yana tashi, amma ina saki sai ya mutu. Da rana kuwa bugu ɗaya ne. Na canza fulogi, duk ɗaya. Bakanike ya ce sai dai sabon kafireto. Watannin baya na sa an rage masa shan mai saboda tsadar fetur. Mene ne shawararka?
— Mai karatu daga Hayin Dogo, Samaru

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ka riƙe kuɗinka tukuna, ban ga alamar kafireton nan ya mutu ba.

Maganar rage shan mai da ka kawo a ƙarshe, nan na fi zargi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu babura suke cika gareji suna cewa a rage musu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya san yadda litar mai take cin cinikin yini. Abin da bakanike yake yi shi ne ya juya ƙaramin sukurun da ke gefen kafireto, iska ta rinjayi mai. A lokacin zafi ba za ka ji komai ba. Amma sanyin Disamba da Janairu a Zariya, musamman can wajenku Samaru, wani abu ne daban. Fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi ya gauraya da iska, in kuwa inji ya kwana cikin sanyi, wani kasonsa mannewa yake a jikin ƙarfe. Ga sanyi ya rage, ga ku kun rage, me ya saura da fulogi zai kunna? Aikin cok shi ne ya ƙara yawan mai a cikin haɗin, shi ya sa kana ja yake tashi, kana saki yake mutuwa. Wannan alamar yunwar mai ce.

Don haka a fara mayar da sukurun nan. Idan yana ɓangaren iyakilina, wato matatar iska, na iska ne, ɗaure shi ke ƙara mai. Idan yana ɓangaren inji, na mai ne, kwance shi ke ƙarawa. A ƙananan babura yakan zauna tsakanin juyi 1 da rabi zuwa 2 da rabi daga inda ya ɗauru ya tsaya. Don a san juyin da yake kai, a ɗaure shi a hankali ana ƙirgawa, kada a matse, bakinsa siriri ne yana lalacewa. Kuma sai inji ya yi zafi ake saitawa, a juya kaɗan-kaɗan har a sami inda ƙararsa ta fi daidaita, sannan a gyara silo, wato yadda inji ke aiki in ba a murɗa totur ba.

In an yi haka bai daina ba, a sauke kafireto a duba ƙaramin jet, wato na silo. Raminsa bai fi tsinin allura ba, ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe shi, kuma shi ne yake ciyar da inji lokacin tashi. A wanke da fetur mai tsabta a hura masa iska. Ina roƙonka, ka tsaya a kansa kada a zura masa waya. Na sha ganin yaran gareji suna tsinko zaren kebul suna sakace jet, ramin ya buɗe, babur ya koma zuƙar mai, sai a ce kafireto ya tsufa. Kafin a mayar, a kwance sukurun da ke ƙasan kofin man kafireto a tsiyaye cikin kwalba. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Mai sayen mai a galan a bakin titi ya riƙa yin wannan a kai a kai.

Sai robar da ta haɗa kafireto da inji. In ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, alamar kuma iri ɗaya ce da taka. Sai soson iyakilina, wanda ƙurar hunturu ke cikawa cikin 'yan kwanaki, shi ma a wanke.

Sabon fulogin da ka sa zai ba ka shaida. Ciro shi bayan ka yi aikin yini. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan yana zafafa inji har ya ƙona bawul, ka ga ɗan abin da aka yi tsimi ya tafi a gyara. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so. Tazarar bakinsa kuma ta kasance kusan milimita 0.7.

Idan duk wannan lafiya, amma kana jin kik ya yi laushi a ƙafa, to maganar ta bar kafireto ta koma bawul ko ringi. Bawul da ya matse yana zubar da ƙarfin inji, kuma da safe ya fi nunawa. Inji na sanyi ake saita shi, da ma'auni, ba da kunne ba.

Game da tashin asuba: ka rufe makunnin mai da dare, in da hali babur ya kwana a zaure. Da safe buɗe mai, ja cok, taka kik sau biyu ko uku a hankali makulli na kashe, sannan ka kunna ka buga. Kada ka murɗa totur, don iskar da yake buɗewa tana ɓata aikin cok. Ya tashi, bar shi minti 2 zuwa 3 baƙin mai ya zagaya, sannan ka mayar da cok kafin ka ɗauki fasinja. In kuwa ka ji warin fetur ya ƙi tashi, ya sha ya yi yawa ne: mayar da cok, buɗe totur gaba ɗaya, ka yi ta bugawa har ya kama.