Tambaya da Amsa: Wai seccomp da eBPF abu ɗaya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a kimiyyar kwamfuta nan Samaru, an bamu aiki akan yadda kanel ɗin Linux yake killace manhajoji, ina ta karanta seccomp da eBPF amma wlh kaina ya kulle, nan ace na tsaro ne can ace na ƙara wa kanel aiki ne, to wai abu ɗaya ne ko daban daban? Kuma na so in hana wata manhaja buɗe fayil guda ɗaya tak da seccomp naga babu hanya, ni ne ban iya ba ko haka abin yake? Na gode. Ɗalibinka daga Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba kai bane baka iya ba, haka aka gina shi, kuma da gangan.

Ka ɗauki gidan cikin birni, irin na wajen Ƙofar Doka mai zaure da rubutun "ba shiga" a bango. Cikin gidan shine kanel, can ake ajiye komai, fayiloli, intanet, kyamara. Manhaja baƙo ce a zaure, duk abinda take so sai dai ta aika yaro, buɗe min kaza, karanto min kaza. Ire-iren wannan aiken a Linux sun haura 300, kuma kowanne ƙofa ce da mugu zai iya laluba ko akwai ɓaraka.

To seccomp maigadi ne a bakin ƙofar. Andrea Arcangeli ne ya kawo shi a 2005, kuma na farkon nan tsaurinsa ya yi yawa, abu huɗu kawai yake bari, karanta da rubuta a fayil ɗin da ka riga ka buɗe, da fita, da wani na komawa bakin aiki bayan kanel ya katse manhajar da sigina, kana neman na biyar an kashe ka shikenan. Kusan babu manhajar kirki da zata rayu a haka. Sai a 2012, a Linux 3.5, Will Drewry na Google ya kawo gyaran da zaka rubuta wa maigadin ƙa'idarka da kanka da wani ɗan ƙaramin yare mai suna BPF, wanda asalinsa Steven McCanne da Van Jacobson suka ƙirƙira a Amurka a 1992 don tace bayanan da ke yawo a netwok. Anan ne sunan ya fara rikita mutane.

Yanzu batun fayil ɗinka, kuma nan nake so ka natsu. Maigadin nan abinda yake gani shine lambar aiken da lambobin da aka haɗo da shi. Sunan fayil kuwa baya cikin saƙon, abinda ke ciki adireshi ne kawai na inda aka rubuta sunan a ma'ajiyar manhajar. Kace to ya leƙa mana ya karanta. Ai matsalar kenan, ka ɗauka baƙon ya rubuta "ruwan sha" a allo ya jingina a zaure, maigadi ya karanta yace wuce, kafin yaron ya ɗauki allon ya shiga abokin baƙon da ke gefe ya goge ya rubuta "makullin ɗakin maigida". Manhaja mai zare fiye da ɗaya, wato mai sassan da ke aiki a lokaci guda, tana iya yin haka cikin ƙiftawar ido, shi yasa masu kanel suka ce gara maigadin kar ya karanta sam da ya karanta abinda za a iya canzawa a bayan idonsa. Abinda kake nema sunansa Landlock, na Mickaël Salaün ɗan Faransa, ya shiga Linux 5.13 a 2021, shi a ciki yake tsayawa inda kanel ya riga ya gane ainihin fayil ɗin da ake nufi, kuma baka buƙatar zama mai cikakken iko kafin kayi amfani dashi.

Ni kaina seccomp ya taɓa kwana dani, na rubuta ƙa'ida na ba aiken buɗe fayil mai suna open izinin wucewa, komai lafiya, bayan an sabunta laburare, wato shiryayyun ayyukan da manhajar ke dogara dasu, sai manhajar ta dinga mutuwa ko sallama babu, har wajen ƙarfe biyun dare ina bin layi layi kafin na gano laburaren ya koma kiran openat ne, wani aiken buɗe fayil daban da ban sa a ƙa'idar ba. A ganina mutanen OpenBSD, wani tsarin kwamfuta irin Linux, sun fi tausayin mai rubuta manhaja, pledge ɗinsu na 2016 kalmomi kawai zaka jera, zan karanta fayil, zan taɓa intanet, sauran su ji dashi.

Shi kuwa eBPF wani babi ne daban. Alexei Starovoitov da Daniel Borkmann suka faɗaɗa tsohon BPF ɗin a 2014, ya zama zaka iya tura naka ɗan aikin ya zauna cikin gidan dungurungum, yana ƙirga fakitin bayanan netwok ko yana lura da wa ya buɗe me, ba tare da an sake gina kanel ba. Amma kafin ya shiga akwai mai tantancewa da zai bi duk hanyar da shirin zai iya bi, ya tabbatar zai ƙare, bazai taɓa ma'ajiyar da ba tasa ba, in yayi shakka ko kaɗan ya ƙi. In kana so kaga amfanin wannan wahalar ka tuna 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, jirage suka kasa tashi, saboda direbansu, wato ɓangaren manhajarsu, a cikin kanel yake zaune. Sai dai shi ma mai tantancewar mutum ne ya rubuta shi, an sha samun kurakurai a jikinsa, ga Spectre, ɓarakar da aka bayyana a ƙwaƙwalwar kwamfuta a 2018, ya ƙara dagula lissafi, don haka yawancin Linux na yanzu sun rufe eBPF ga wanda bashi da iko. Kuma ka rubuta wannan a aikin naka, har yau seccomp tsohon BPF yake karɓa ba eBPF ba.

TAMBAYA: Malam ni gyaran waya nake a PZ, wannan maganar ta shafe mu ko ta 'yan jami'a ce?

AMSA: Tana hannunka ma kuwa maigida. Android kanel ɗin Linux ne a ƙasansa, kowace manhaja da nata lambar shaida da nata ɗaki, kuma tun Android 8 na 2017 duk manhaja seccomp na tsaye a kanta. Amma in kwastoma ya danna amincewa ya ba manhajar bada bashi izinin ganin lambobin wayarsa, maigadi ba zai hana ba, tunda maigidan ne ya buɗe da hannunsa.