Zuba Jari a Gyaran Tsofaffin Injuna: Amsa ga Wani Ɗan Kasuwa

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan aikin makanikai a Tudun Wada, Kaduna, ya rubuto cewa ya daɗe yana sayen tsofaffin injunan niƙa, injunan ban ruwa, kekunan ɗinki da sifanoni na zamanin da daga hannun 'yan gwangwan, saboda sha'awa kawai. Yanzu yana so ya ciri naira miliyan biyu daga jarin shagonsa ya mayar da abin sana'a, yana tambaya ko hakan zai haifar da ɗa mai ido.

Alhaji, sana'ar tana da kasuwa, kuma lokacin ya dace. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan haka, sabon inji ya fi ƙarfin yawancin masu niƙa da manoman rani, shi ya sa suke neman tsohon da aka gyara da kyau. Sai dai wanda zai sayi kayanka a Kaduna mai neman abin da zai yi aiki ne gobe da safe, ba ya ƙara ko sisi domin inji ya tsufa ko yana da tarihi. Saboda haka ka raba sha'awa da jari tun yau. Abin da kake so ka ajiye domin kallo, ka saye shi da kuɗin aljihunka. Abin da aka saya da kuɗin shago kuwa dole ne ya fita ya dawo da riba.

Tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka sayi kowane inji ita ce: ana samun kayan gyaransa? Ɗauki injin Lista mai amfani da man gas (dizal), wanda kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya ƙera daga wajen 1930 har zuwa 1987. Yana juyawa a hankali, kusan sau 650 a minti ɗaya, alhali ƙananan injunan fetur suna kai sau 3,000 zuwa 3,600, wannan ne ya sa ba ya saurin cinyewa. Abin da ya fi muhimmanci ga mai jari shi ne, masana'antun garin Rajkot a Indiya sun ci gaba da ƙera irinsa, don haka ana samun fistan, ringi, nozul da gaskit da suka dace da shi. Haka injin Honda GX160 da ake haɗawa da famfon ban ruwa, domin kwaikwayonsa na Sin ya cika kasuwa, kabireta da fulogi ba sa wuyar samu. Tsohon keken Singer na baƙin ƙarfe shi ma teloli suna girmama shi. Amma ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ina ba ka shawara ka bar shi, domin kuɗin gyaransa yakan cinye ɗan abin da za ka samu.

Wajen ciniki, ka fara da sikeli. Ka san nauyin injin, ka san farashin kilon ƙarfe a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, a ranar, domin wannan shi ne abin da zai dawo hannunka idan gyara ya gagara. Duk abin da ka biya sama da haka, kasada ce ka ɗauka, kuma bai kamata ka ɗauke ta ba sai makanikin da ka amince da shi ya juya injin da hannu, ya ji ko yana da matsi, ya duba bulo, wato gangar jikin injin, ko ya tsage, ya duba karanshaf. Ringi da boris ƙananan abubuwa ne. Bulon da ya tsage kuwa, ko an yi masa walda, mai saye ba zai yarda da shi ba, kuma sunanka ne zai ɓaci.

Akwai kuma batun asalin kaya, wanda ba na so ka yi wasa da shi. Kaduna gari ne na masaƙun Kakuri da suka rufe da kuma kayan jirgin ƙasa, kuma ba duk abin da ya iso hannun ɗan gwangwan ne ya fito ta hanyar halal ba. Ka karɓi rasit, ka rubuta sunan mai sayarwa da lambar jikin injin, a gaban shaida daga shugabannin kasuwa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka bar masa kayansa komai arharsu.

Game da kuɗin, ban goyi bayan ka fitar da miliyan biyun a lokaci guda ba, domin shagon ne yake ciyar da gida, kuma inji yakan yi watanni kafin ya sami mai saye. Ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu, ka sayi inji biyu ko uku, ka buɗe wa kowanne shafinsa a littafi: kuɗin saye, dako, kayan gyara, ladan makaniki da la'adar dillali. Injunan ban ruwa su kasance a shirye kafin watan Nuwamba, lokacin da manoman rani na bakin Kogin Kaduna suke fara nema. Ka tayar da kowane inji a gaban mai saye, ka ba shi alkawarin gyara kyauta na wata ɗaya a rubuce. Idan zagayen farko ya dawo da uwar kuɗi da riba cikin wata shida, sai ka ƙara kashi na biyu.