Wane harsashi ya dace da farautar nesa? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ni maharbi ne a ƙasar Zuru, na daɗe ina fita da bindiga mai baki biyu. Ina son sayen raifal mai cin dogon zango saboda manyan namun daji. Abokai sun ce in nemi mai awon harsashi .308 ko .30-06. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, duka biyun ka cire su daga lissafi tun yanzu, dalili kuwa doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta irin taka da raifal ta farauta, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Kashi na uku su ne haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu an lissafa raifal masu awon bututu (wato faɗin cikinsa) 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Bututun .308 da na .30-06 duka 7.62mm ne. Waɗanda suka ba ka shawara a intanet suka ga maharban Amurka na yabon su, alhali dokar can daban ce da tamu. Kafin ka fitar da ko kwabo, je hedikwatar 'yan sanda a Birnin Kebbi ka tambaya ko ƙofar lasisi a buɗe take, domin akan dakatar da bayarwa saboda halin tsaro.

Idan lasisi ya samu, girman dabbar ne zai zaɓa maka. Ga uku da ba sa cikin wancan jeri. .243 Winchester na jefa harsashi mai nauyin giram 6.5 da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. Ya wadatar ga gada da makamantanta, kuma dukansa a kafaɗa kusan rabin na .270 ne, wanda za mu zo kansa. 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, harsashinsa giram 9 ne, siriri mai tsawo, don haka iska ba ta cika kautar da shi ba. .270 Winchester kuwa tun 1925 yake aiki: giram 8.4, gudun kusan mita 930, yana kayar da mazo ko gadu idan ya shiga ta bayan kafaɗa. A ganinmu .270 ne ya fi dacewa da mai bindiga ɗaya. Amma kada ka sayi awon da ba za ka samu harsashinsa wurin dila mai lasisi ba. Raifal ba harsashi sanda ce.

Maganar nisa ita ce inda mutane suka fi ruɗuwa. Sunan harsashi ba ya sayo maka zango. Idan ka daidaita madubin saiti na .270 a mita 200, a mita 300 harsashin ya sauka da kusan santimita 20, a mita 400 ya haura rabin mita. Iskar hunturu mai gudun kilomita 16 a awa, idan ta zo ta gefe, za ta ture shi da kusan santimita 20 a mita 300. Wurin zuciya da huhu a jikin mazo bai fi faɗin faranti ba. Ka ga kenan kuskuren mita 50 wajen kintatar nisa ya isa ya mai da harbin ƙirji ya zama na ƙafa ko na ciki, dabba ta shige kurmi ta kwana tana wahala, ta mutu mushe ba a same ta an yanka ba. Gwajin da muke ba kowa shi ne: kafa kwali mai faɗin santimita 20 gaban tudu, ka yi harbi biyar a durƙushe ko bisa sanduna, yadda za ka yi a daji. Nisan da duka biyar suka shiga, nan ne iyakarka. Yawancin mutane tsakanin mita 150 da 200 suke tsayawa, sauran kuma sanɗa ce ke cike shi.

Tambaya: Dorina na cinye mana shinkafa a bakin kogi wajen Yauri. An ce .375 ke kashe ta. In nema?

Amsa: Gaskiya ne .375 H&H, wanda aka ƙera a Ingila a 1912, shi ne mafi ƙarancin awon da ƙasashen Afirka da dama ke yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi. Harsashinsa ya haura giram 19, dukansa ya ninka na .270. Sai dai dorina da giwa dabbobi ne da doka ta kare, mallakar lasisin bindiga ba izinin harbinsu ba ne. Dorinar da aka raunata kuma ta fi haɗari ga masunta da masu kwalekwale. Ku kai koke ta hannun hakimi zuwa sashen gandun daji na jiha, a rubuce, da hotunan ɓarnar.

Tambaya: Wani ya kawo mini raifal ta hannu a Gusau, da araha. Me zan duba?

Amsa: Takarda tukuna. Idan lambar jikin bindigar ba ta yi daidai da ta lasisin mai ita ba, ko an goge ta, ko ya ce a yi ciniki ba tare da sanin 'yan sanda ba, tashi ka bar wurin. A Zamfara ta yau, bindigar da ba a san asalinta ba tana iya jawo maka tuhumar da ta fi ƙarfin farauta.

Idan takardu sun inganta, a zare makullin, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ka leƙa bututun ta fuskar haske. Layukan da suka murɗa a ciki su ne ke juya harsashi. Idan sun shafe ko tsatsa ta ci su rami-rami, harbi zai riƙa watsewa komai kyawun madubi. Duba bakin bututun ko ya ɓantare, duba ƙota ko ta tsage kusa da kunama. Karanta awon da aka buga a jikin bututu, kada ka taɓa sa wani harsashi daban don kawai ya shiga. Ka rage mai a ciki, domin ƙurar hunturu na haɗuwa da shi ta zama laka, kuma kada ka bar harsashi a mota cikin zafin bazara, zafi na ƙara masa matsi.

Abu ɗaya da wanda ya saba da mai baki biyu ke mantawa: ƙwayoyinta ba su cika kayar da dabba bayan mita 40 ba, amma harsashin raifal da ya kuskure yana tafiya fiye da kilomita 3. Dajinmu cike yake da makiyaya, manoma da mata masu itace. Idan babu tudu ko gaɓa a bayan dabbar, kada ka ja kunama. Kuma ka sanar da sarkin baka da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin ka fita, don kada jami'an tsaro su hango ka da doguwar bindiga su ɗauke ka wani.