Tambayoyin Masu Karatu: Kai Yara Yankari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigida muna son kai yaranmu huɗu Yankari, ƙaramarsu shekararta uku. Wane lokaci ya fi, kuma me za mu kiyaye? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ku je da rani, musamman Fabrairu zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa wajen shan ruwa a kogin Gaji, sai ganinsu ya yi sauƙi. Da damina daji ya cika, ganin dabbobi sai an yi sa'a.

Ku tashi bayan asuba, ku bi hanyar Gombe, ku karkata a Dindima. Ku cika tanki tun daga Bauchi, domin daga ƙofar shiga zuwa masaukin Wikki akwai kusan kilomita 40 cikin daji.

Abin da ya fi ɓata wa iyalai rai shi ne birai. Sun san leda sarai, har daga hannun yaro suke fizge ta. Abinci ya zauna cikin kula a mota, a ɗaga gilashi. Kada yaro ya miƙa musu komai, kada kuma ya jefe su.

Ruwan Wikki, wato maɓuɓɓugar da ake wanka a ciki kusa da masaukin, ɗumi gare shi, wajen digiri 31 dare da rana. Haskensa yana sa mutum ya ɗauka ba zurfi, alhali ta wajen dutsen da ruwan ke fitowa yakan shanye babba. 'Yar autar ta tsaya a gefe marar zurfi, hannunta cikin naki.

A tafi da ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, da tawul, da kayan canji.