Albashin Likitan Dabbobi: Katsina, Daura ko Funtua?

Tambaya: Ni ɗan Daura ne, na karanta likitancin dabbobi a ABU Zariya, yanzu ina gab da kammala bautar ƙasa. Abokaina suna cewa in Allah Ya sa na samu aikin gwamnatin jiha, in yi kamun ƙafa a bar ni a birnin Katsina, wai can albashi ya fi tsoka. Wasu kuma sun ce Funtua. Ina zan dosa?

Amsa: Dokta, abokan naka sun cakuɗa maka abu biyu. Albashin gwamnatin jiha ba ya bin gari, matakin aiki yake bi. Wanda aka ajiye a Katsina da wanda aka tura Daura ko Malumfashi ko Dutsin-Ma, muddin matakinsu ɗaya, abin da zai faɗa asusunsu a ƙarshen wata ɗaya ne. Inda ake samun bambanci shi ne wajen wanda ya ɗauke ka. Gwamnatin tarayya tana biyan likitocin dabbobi da tsarin CONMESS, wanda take biyan likitocin mutane da shi. Jiha tana da nata lissafin. Mai gonar kaji kuwa, yadda kuka yi ciniki da shi. Don haka kafin ka sa hannu a ko'ina, nemi wanda ya riga ka shiga ya nuna maka takardar albashinsa, ka ga nawa ne gundarin, nawa ne alawus, nawa ake zare wa fansho da haraji. Kada kuma ka auna da Naira 77,000 ɗin da kake karɓa yanzu, domin yau kai kaɗai kake ci, gobe kuwa akwai haya da iyali.

Abin da ke bambanta gari da gari shi ne aikin bayan an tashi daga ofis, da kuma abin da garin zai cinye maka. A Katsina akwai gonakin kaji a gefen gari, akwai masu dawakin hawan sallah da na folo, akwai gidajen da ke ajiye karnukan gadi. Waɗannan sun saba biyan kuɗin dubawa. Sai dai hayar gida za ta kwashi rabonta, kuma manyanka a sana'ar sun daɗe da kama manyan gonakin. Funtua gari ne na kasuwanci da noma, ga shanun huɗa ga masu kiwon turka, ga Zariya kusa in za ka sayo kaya. Amma ka san halin da hanyoyin wajen Faskari da Sabuwa suka shiga a shekarun nan, kamar na Batsari da Jibiya, kuma inda aka kore wa mutane garke, likita ma ya rasa abokan hulɗa. Ba na son in ji ka bi kiran dare zuwa rugar da ba ka sani ba saboda kuɗin allura.

Daura kuwa gidanku ne. Ga dawakin masarauta, ga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi da shanu da tumaki da raƙuma ke shigowa daga Nijar. Makiyayi ba ya saurin sakin kuɗi, amma in ya yarda da hannunka, shi da danginsa sun zama naka. Ni dai da za a ba ka zaɓi, Daura zan ce maka, ka yi shekarunka na farko inda ba ka biyan haya kuma ana sanin ɗan wane ne kai.

Tambaya: Ɗana ya nemi likitancin mutane, sai aka ba shi na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tun ranar ba na barci. Dangi suna ta cewa zai ƙare a bin awaki. In sa shi ya sake JAMB?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah bai yi miki rowa ba. Karatun nan shekara 6 ne cur, kuma ba ya ɗaukar rago. Wanda ya gama Dokta ne da rajista, kuma ƙofofinsa sun wuce asibitin dabbobi: akwai duba nama a mayanka, akwai NAFDAC, akwai soja da 'yan sanda, akwai koyarwa a jami'a, akwai kamfanonin abincin kaji, akwai cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato da ke haɗa alluran rigakafi. A 2024 ma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata guda ta bunƙasa kiwo. Ba zan ce miki zai yi kuɗi dare ɗaya ba, farkon aikin akwai ƙunci. Amma sake JAMB asarar shekara ce da kuɗi, kuma babu tabbacin gurbi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi ko ransa na son aikin, ko zai iya da warin garke da jini. In ya ce zai iya, ki sa masa albarka. Surutun dangi kuma, ranar da saniyar wani ta kasa haihuwa ɗan naki za su nema.

Tambaya: Na yi wata huɗu ina zama a shagon maganin dabbobi, na iya allura. Ina so in buɗe nawa in rubuta Dokta a allo. Wane gari ya fi kawo kuɗi?

Amsa: Malam, babu ko ɗaya. Mai sunan nan sai wanda ya yi digirin kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, ta yi masa rajista. Abin da kake shiryawa yaudara ce da dukiyar talakawa. In da gaske kana son sana'ar, je ka yi difloma a fannin lafiyar dabbobi a kwalejin Mando da ke Kaduna ko ta Vom, ka dawo ka yi aiki ƙarƙashin likita.

Tambaya: Ina turka raguna biyar don babbar sallah a nan Ƙofar Marusa. Ɗaya ya daina cin abinci yana zawo. Likita ya ce sai na biya kuɗin zuwa da na dubawa ban da magani, alhali akwai wani yaro da ke zagayawa da jaka, kuɗin allura kawai yake karɓa. Ba gara yaron ba?

Amsa: Haba Hajiya! Kin zuba kuɗin adashinki a raguna biyar, kin sayi dusa da kowa da harawa da tsadarsu, sai a kan kuɗin dubawa za ki yi tsimi? Ki fara ware marar lafiyan daga sauran yau ɗin nan, kwanon ruwansa daban, sannan ki kira likitan.

Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ki yi haƙuri in tsawaita. Duk wanda ke shiga kasuwar dabbobi ya ga tabarmar nan da ake baje kwalabe a kanta cikin rana tsaka. Ki ɗaga kwalba ɗaya ki duba: takardar jikinta ta koɗe, wurin da aka rubuta ranar lalacewa an kankare shi ko an manna wata a kai, ruwan da ya kamata ya zama garai-garai ya yi duhu. Wata babu lambar NAFDAC sam, wata kuma an buga mata ta bogi. Daga irin wannan tabarmar yaron jaka yake sari. Zawo a wurinsa zawo ne kawai, alhali yana iya zama tsutsar ciki, yana iya zama an cika wa ragon hatsi, yana iya zama annobar nan ta tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da majina da gyambon baki, wadda kan share turke cikin kwanaki. Kowanne da yadda ake tunkararsa. Shi kuwa farar allura da ja ya sani, ya zuƙa ya soka, da tsinken da ya soki akuyar maƙwabta ɗazu.

Magani da nauyin dabba ake auna shi. In aka rage, ciwon ya lafa ya dawo da ƙarfinsa, gobe ko an kawo na gaskiya ba zai ji ba. Allurar rigakafi kuma, tun daga Vom har jikin dabba a cikin sanyi take tafiya. Wadda ta wuni a aljihu ta tashi aiki, kin biya kuɗi kina zaton kin yi rigakafi, ba ki yi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na gab da sallah. Ana yi wa rago allurar kashe ƙwayoyin cuta irin mai daɗewa a jiki, wadda a jikin kwalbarta an rubuta a jira makonni kafin a yanka, sai a kai shi kasuwa bayan kwana biyu. Wasu har da wani magani mai suna dexamethasone suke ɗirka wa dabba don ta yi ɓul-ɓul a idon mai saye. Naman nan 'ya'yanmu ne za su ci, kuma ibada aka yi niyya da shi. Haka madarar saniyar da ke kan magani, a tatsa a dama fura da ita. Mai kiwo ya ji tsoron Allah a nan.

Kuma wannan ɗabi'a tamu ta biyan kwalba mu ƙi biyan ilimi, ita ce ke sa yaranmu da suka yi shekara 6 suna karatu suke barin duba dabba su koma sayar da buhun abincin kaji. Kuɗin da likitan ya ce ki biya, na gano ciwon ne. In ya yi miki nauyi, ki ɗora ragon a Keke Napep ki kai asibitin dabbobi na gwamnati, kin huta da kuɗin zuwa. Duk maganin da za a yi masa a nuna miki kwalbar, ki karanta ranar lalacewa, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin yanka, ki rubuta ki ajiye. Araha dai ba ta ado.

Tambaya: Shekarata biyu da fara aikin likitan dabbobi a Kankiya, na ɗan tara kuɗi. Mota zan saya ko me?

Amsa: Ƙanena, ajiye zancen mota tukuna, mai da gyara za su cinye albashin. Sayi babur mai ƙwari da zai shiga hanyar ruga da damina, da ƙaramin firji mai aiki da sola, da akwatin ƙanƙara na ɗaukar rigakafi. Ka sayi firjin a shagon da zai ba ka rasit da garanti, kuma a gwada batirin a gabanka kafin ka biya.