Batun linzamin jaririnki

'Yata, na saurari saƙonki har sau uku. Kin ce yaro ba ya kama nono da kyau, ya daɗe yana tsotso bakinsa na ƙas-ƙas, ya saki da kuka, kan nononki duk ya tsattsage. A asibiti an ce linzami ne ya riƙe masa harshe, har da wani zare a ƙarƙashin leɓen sama, surukarki kuma ta ce a kira wanzami. Wai ko yankan linzami dole ne a al'ada? Kalmar dolen nan ta sa ni murmushi, amma ranar ban yi barcin kirki ba.

Haihuwata ta fari a 1976 ce, shekarar da aka kashe Murtala, ina goyon ciki a gidanmu. Wanku babba, kin san wanda nake nufi, haka ya yi ta kuka kwana da kwanaki. Ba wanda ya duba bakinsa, ni aka duba. Da ma an tatse dakashin an zubar, wai dauɗa ne. Sai tsofaffi suka ce nonona ne mugu. Aka tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki, mata sun kewaye ni suna jira su ga za ta fita ko za ta mutu. Ta mutu. Kukan da na yi ranar Allah kaɗai ya sani. Aka dinga ɗura mini sassaƙe masu ɗaci, ga wankan jego safe da yamma, ga ƙirji ya kumbura kamar dutse.

Ranar suna wanzami ya zo aski, ya ɗaga harshen da yatsa ya ce, "Ai linzami ne." Ya zaro aska daga zabira, wadda ya yi wa wasu aiki da ita tun safe, ya yanka. Jini ya ƙi tsayawa. Inna ta rungume yaron, tsumma ya jiƙe aka sake wani, makaɗa na tsakar gida ba su san abin da ake ciki a ɗaki ba. Sai wajen la'asar ya tsaya. Bayan kwana biyu yaro ya kama nono, nonon nan da aka ce mugu ne.

Inna takan ce, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne." Kakarmu kuma ta ce ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu. Wanzamin ya gane ciwon, wannan ba na musu. Amma na ga jarirai a garinmu da jikinsu ya sandare bayan an cire musu beli, ba su kai arba'in ba. A lokacin mun ce iska ce.

Abin da ke damuna da ku, kun daina zuwa gida wanka. Kina can ke kaɗai, waya kike tambaya kafin ki tambaye ni. Da kina nan da na gyara miki riƙon yaro, cikinsa manne da cikinki, ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin nonon. Wani linzamin ba ya ma buƙatar yanka, na leɓe kuwa galibi ƙyale shi ake yi. Ki koma wurin likita ya sake dubawa, a auna nauyinsa. Ki riƙa tatsa kina ba shi a cokali, kada nonon ya ɗauke.

Surukarki kuwa kada ki yi mata gardama. Ki bar ni da ita, zan je gaishe ta ranar Juma'a.